Allon Bango, Allon Hannu

Shekara sha tara ina riƙe da lakwal a Garin Malam,
aji huɗu, bedi biyu, randa uku a inuwa.
Da can tallata bakin mutane ne:
wadda ɗanta ya ci jarrabawa ta faɗa a gidan suna,
daga gidan suna zance ya gangara layin famfo,
kafin a koma hutu benci sun cika.

Bana benci sha ɗaya ba kowa.
An buɗe wata a hanyar Mirriya, mai bene,
mai motar ɗaukar yara ruwan ƙwai.

Mutari ɗan ƙanwata ya ce, Kawu,
kasuwa ta tashi daga Dole ta koma cikin salula.
Wanda bai shiga ba,
ko zuma yake sayarwa, ƙuda kaɗai zai sani.

Na ƙirga masa jika biyar.
Ya sa aka shafe bango, na gaba kaɗai,
ya aro tukwanen fure daga otel,
ya jera yara goma masu sabon ɗinki,
ya ce da ni, yi murmushi.
Ni da alli ya cinye wa yatsu
na tsaya ƙiƙam kamar mai jiran allura.

Dare bai raba ba yatsu suka yi ta zuba,
ɗari uku, ɗari bakwai,
wani daga Agadas, wata daga Kwatano,
tsohon ɗalibina da ke Aljeriya ya turo jar zuciya.
Na kwanta ina lissafin benci.
Sati biyu ƙofa ba ta ga baƙon takalmi ba.
Ashe yatsa ba ya zama a aji,
ba ya biyan kuɗin wata.

Wata Laraba, rana na dukan duwatsun Birni,
Iya Tsahara mai ƙuli-ƙuli ta shigo da takardar likita,
ta miƙa wa jikarta Fassuma, ƴar aji uku.
Yarinya ta bi layi da ɗan yatsa,
tana tuntuɓe tana tashi:
ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare,
bayan abinci, Iya, ba kafin ba.
Tsohuwa ta rufe baki da gefen zane.
Mutari na gefe, ya ɗauka, hannu na rawa.
A bayansu ga tsagar bango,
ga akuyar maƙwabta tana cin kwali.

Na ce, kar ka sa.
Ya ce, a tambayi Iya.
Iya ta ce, sa,
duniya ta ga abin da ƙuli-ƙulina ya saya.

Yatsu ba su kai ɗari ba.
Amma ya faɗa Wasap na matan adashe,
ya fita ya hau na ƴan kabu-kabu,
ya kwana a Zango ya wayi gari a Kara-kara.

Asabar da hantsi Harira ta yi sallama,
goye da jariri, riƙe da yaro.
Ba ta dubi fenti ba.
Ta buɗe randa ta leƙa,
ta zagaya ta duba makewayi,
ta tambayi wa ke riƙe da bulala,
yara nawa ne a benci ɗaya.
Na faɗa mata, ban rage ba.
Ta ce, ina yarinyar nan mai takardar magani?
Na nuna ta, tana rigimar gyaɗa da ƙawarta.
Harira ta kwance bakin zane.

Saura benci bakwai.
Mun mayar da furen otel, ɗaya ya mutu, mun biya.
Yanzu bayan Magariba nakan sa tabarau
in yi ta latsa abin nan da babban yatsa,
ina amsa muryoyin da ban san fuskarsu ba:
Mushe, nawa ne kuɗin wata?
Mushe, ana karɓa kashi biyu?

Ana karɓa. Ku zo ku leƙa randa.